Kowa Ya Ji Sai Ni

A gidanmu na unguwar Kilomita Biyar ba a kiran sunana. Sunan yana nan, an yanka masa rago kamar na kowa, amma babu mai faɗarsa. Ni ce 'yar fari, kuma sunan kakata aka sa mini, wadda ta haifi Baba. Don haka Baba sai dai ya ce "Uwata". Ƙannena suna cewa "Yaya". Inna kuwa abin ya haɗe mata biyu, ga kunyar 'yar fari ga sunan suruka, ita ko laƙabi ba ta raɗa mini ba. In tana nemana sai ta ce "Ke". In tana maganata da wani sai ta ce "waccan", ko da ina tsugune a gabanta ina ɓare mata gyaɗa.

Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi aka kawo Inna Bangui bayan aurenta da Baba, wanda shi a nan aka haife shi, yana da rumfar atamfa a kasuwa. Ta zo da al'adunta cif, ba ta zubar da ko ɗaya a hanya ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a cikin gida take yi, mata su zo su sara. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da wata irin murya mai sanyi da ban taɓa jin ta ɗaga ba. Sango kuwa, yaren mutanen Bangui, iyakarta na ciniki, ta gaisa, ta faɗi farashi, ta ce "singila" in an biya ta, wato na gode. Mu 'ya'yanta da Sango muke faɗa, da shi muke dariya, Hausa sai in za mu yi magana da manya, ita ma tana fita ne da ƙyar.

Ina ƙarama abin bai dame ni ba. Yaro ba ya tambayar yadda aka tsara gidansu. Sai da na kai shekara goma sha uku, lokacin da mutum yake fara sa ido a kan komai yana auna kansa da kowa, na fara lura. Ƙanwata mai bi mini Inna tana kiran sunanta har da ja, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, ta tsokane ta, su yi dariya. Ni kitsona gidan Goggo ake tura ni, yayar Baba da ke bayan layinmu. In na zo ta ɗaya a aji, Inna ba ta cewa komai, sai dai in ga nama biyu a kwanona da dare. A lokacin ban ɗauki nama a matsayin magana ba. Kunne nake da shi, kuma kunnen nan yana jin yunwa.

Shekarun nan dama ba su da daɗi ko ba wannan. A lakwal, wato makarantar boko, duk mai mayafi "Arabo" ce a bakin yara, ko da ba ta san kalmar Larabci ɗaya ba bayan ta salla. A rumfar Baba kuma, fataken da suke zuwa daga Nijar da Kano sai su sa ni magana don su yi dariya, wai Hausata ta sha ruwan kogi. Wani har ya taɓa ce wa Baba a gabana, "Alhaji, wannan ɗiya taka kam ta zama ta mutanen nan." Baba ya yi murmushin ciniki. Ni kuwa na tsaya ina jin kamar in kifar masa da shayinsa. Can ni ba tasu ba ce, nan ma ba tasu ba ce, ga jiki yana canzawa ba tare da ya yi shawara da ni ba, ga ƙuraje sun cika mini goshi.

A lakwal ɗin na yi wata ƙawa 'yar Miskine, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Kirista ce, bencinmu ɗaya, gajeriya mai surutu, ita ce ta fara cewa yaran aji su daina kirana Arabo tunda ina da suna. Mahaifiyarta, wadda kowa yake kira Mama, tana suyar makala a ƙofar gida, wato irin fanken nan na fulawa da mutanen Bangui suke karya kumallo da shi. Ran da na fara zuwa gidansu, Mama ta tambayi sunana, na faɗa, ta maimaita, ta juya shi a bakinta, ta ƙara masa wani ɗan kari na Sango a ƙarshe wanda ba shi da shi. Daga ranar, in ta hango ni tun daga bakin layi sai ta ɗaga ludayin suya ta ƙwala sunan nan, ta ce, "Molenge ti mbi, ga! Mo te kobe awe?" wato 'yata zo, kin ci abinci? Kowa a layin sai ya juyo ya dube ni. Da farko kunya nake ji. Daga baya na fara bin dogon zagaye in za ni gida, don kawai in ji.

Na ga yadda take da 'yarta, wadda ita ma 'yar fari ce. Tana zaginta, tana jan kunnenta, sannan ta rungume ta a gaban masu sayen makala, man suya duk a hannunta. Ni kuwa ban tuna ranar da tafin hannun Inna ya taɓa bayana ba.

Ranar da na fara ganin al'ada, a lakwal ta same ni. Babu wanda ya taɓa gaya mini komai. Na ɗauka wata cuta ce za ta kashe ni, na ɗaura rigar sanyin ƙawata a ƙugu, muka nufi Miskine ina kuka. Mama ce ta shigar da ni ɗaki, ta zaunar da ni ta yi mini bayani tiryan-tiryan, tana dariya tana share mini hawaye da gefen zanenta. Da na koma gida ban ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce ba. Amma da na shiga ɗaki na tarar da wasu ƙyallaye masu laushi, wankakku, an ninke su an ajiye ƙarƙashin matashina, da sabulu sabo a kai. Yanzu da na girma na san cewa sai da ta zauna ta yanka su ta kalmashe bakinsu da allura, watakila tun watanni kafin ranar. A wancan lokacin abin da na gani shi ne uwa ta gwammace ta yi magana da matashi da ta yi da ni.

Ina da baki, wannan kowa ya shaida. Wata rana da hantsi, ina shekara sha biyar, Inna tana matse tunkuza a turmi mai yana tsattsafowa, ta ce, "Ke, miƙo mini kwanon can." Ban motsa ba. Ta sake cewa, "Ke." Sai na ce, "Inna, wace ce ke?" Ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Ni dai ina so in sani, mene ne sunana? Ko kin manta ne a gaya miki?" Hausar tana harɗe mini, rabin maganar da Sango ta fito. Na ce mata ko akuyar gidan nan tana da abin da ake kiranta da shi. Na ce Mama ta Miskine da ba ta haife ni ba ta fi ta sanina.

Inna ba ta mare ni ba, kuma na so ta mara. Ta goge hannunta, ta miƙe ta ɗauko kwanon da kanta, ta koma ta zauna. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ɗiyan Bangui ba su da ta ido." Ta ci gaba da matsar tunkuzarta.

Da yamma aka kai ni gaban Goggo. Goggo mace ce mai raha, ta fara da dariya. Ta ce, "Ke ja'ira, uwar taki kike so ta kira sunanki? A garinsu in mace ta yi haka, sai a yi shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya. Ita fa ko ɗaukarki ba ta yi a gaban mutane kina jaririya, sai an watse take lallaɓowa ta ba ki nono. Kunya ce, ba ƙi ba ne." Na ce, "Goggo, nan ba garinsu ba ne, babu rijiyar da za a ba da labarinta." Ta ce, "Rijiyar tana cikin kanta, da ita ta taho." Na ce to ni ina ruwana da rijiya. Goggo ta daina dariya ta ce in rufe mata baki. Na rufe, amma ban yarda ba. A lissafina na lokacin, abin da ake ji a zuci ba ya shekara sha biyar bai taɓa kuɓucewa ta baki ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka gari ya fara lalacewa. Ba zan ba da labarin rikicin ba, waɗanda suka gani sun sani, ni kuma abin da yarinya take gani daga ƙofar gida kawai na gani. Mutanen da suke gaisawa suka fara kawar da kai. A aji aka fara zama ɓangare-ɓangare ba tare da malami ya ce a yi ba. Ni da ƙawata muka ƙi tashi daga bencinmu, muna ganin taurin kanmu zai iya da abin da ya fi ƙarfin manya.

Ranar da abin ya fashe a ɓangarenmu, an sallame mu da wuri, na bi ƙawata gida kamar yadda na saba. Muna cin makala a tsakar gida muka ji harbi, da farko daga nesa, sannan kusa, sannan ta ko'ina. Mutane suna gudu a layi suna cewa an rufe hanyar Kilomita Biyar, ana tare duk mai kama da Musulmi. Mama ba ta tsaya tambaya ba. Ta fizge mayafina ta cusa shi cikin buhun gawayi, ta warware mini kitso, ta ɗaura mini zanenta irin ɗaurinsu. Sannan ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Saurara, daga yanzu sunanki ba naki ba ne. Ko ni na kira shi da mantuwa, kada ki amsa." Ta ba ni wani suna na coci, ta ce ni 'yar ƙanwarta ce da ta zo daga ƙauye. Da wasu samari suka leƙo suna tambaya ko akwai baƙi a gidan, da wannan sunan ta ƙwala mini kira, ta ce in kawo mata ruwa, har da zagina wai na cika nawa. Na kawo ruwan, rabi ya zube a hanya. Matar da na fi son jin sunana a bakinta, ranar ita ce ta binne shi, kuma da haka ta tsirar da ni.

A can na kwana. Washegari da safe harbi ya lafa, Mama ta ɗora mini daron makala a ka kamar za mu talla, ta rako ni ta lunguna har inda take iya tsayawa. Ta karɓi daronta ta ce in tafi kada in waiwayo. Ƙawata tana bayanta tana kuka. Ban waiwayo ba, kuma ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayan 'yan makonni layinsu ya zama kango, na tambaya har na gaji, wasu su ce sun haye kogi sun bar ƙasar, wasu su ce ba su sani ba.

Duk tsawon hanyar nan zuwa gida abu ɗaya nake saƙawa. Na ce yau kam dole. Yarinya ta kwana a inda ake kashe irinta, ta dawo da ƙafarta, ai ko dutse ne a ƙirjin uwa sai ya tsage. Har na shirya yadda zan faɗa jikinta.

Baba na fara tararwa a zaure, shi ma a kasuwa abin ya rutsa da shi, sai da asuba ya samu dawowa. Ya rungume ni yana kuka kamar yaro, yana "Uwata, Uwata". Ƙannena suka rirriƙe ni. Inna tana bakin murhu, ta juya mini baya. Na tsaya a tsakar gida ina jira. Ta juyo a hankali ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta dubi zanen da ba nawa ba, da kaina a buɗe. Idanunta sun kumbura, ƙafarta ɗaya an ɗaure da tsumma. Ta buɗe baki, muryar ta fito a disashe, da ƙyar ake ji. Ta ce, "Ke, tahi ki yi wanka. Akwai kunu."

Na yi wankan, na sha kunun. Ban yi kuka ba, wani abu ne kawai ya rufe a cikina. Disashewar muryar na ɗauka mura ce, ƙafar kuma aka ce mini kwalba ta taka. Ban tambaya a ina ba.

Daga nan unguwa ta zama kurkuku. Ba lakwal, ba fita, iyakarmu 'yan layukan da ke kewaye da kasuwa. Manyan motocin da suke kawo kaya daga Kamaru suka koma kwasar mutane, maƙwabta suna tafiya da katifu a ka. Baba ya ce shi a nan aka binne uwarsa, ba inda za shi. Shekarun da ya kamata in yi ina jarrabawa ina rigima da ƙawaye a kan samari, na yi su ne tsakanin turmi da murhu, kusa da macen da na daina yi wa magana sai ta dole. Ina gaishe ta da safe, ina yin duk aikin da ta sa ni, ban sake yi mata rashin kunya ba. Ta ce "Ke", in ce "Na'am". Goggo har yabona take yi, wai na yi hankali.

Wani abu kuma ya riƙa ba ni haushi a lokacin. In an aike ni Titin Koudoukou, babban titin da ya ratsa unguwarmu, sai in ji mutanen da ban sani ba suna kiran sunana. 'Yan canji da ke zaune a bakin shaguna, masu moto, har wani tsoho mai gyaran rediyo. Wani ya ce, "A wara mo awe?" wato an same ki ke nan? Su yi murmushi. Na ɗauka iskancin maza ne, sun ga budurwa sun binciko sunanta, labarin ɓatana kuma ya zama abin tsokana. Na riƙa haɗe rai ina wucewa, wani lokaci in watsa musu harara. Na kai ƙara wurin Goggo, sai ta kawar da kai, ta ce in riƙa bi ta bayan layi.

Muryar Inna ba ta koma daidai ba. Ta warke, amma ta bar wani ɗan kaushi, in ta yi magana mai tsawo sai ta yi tari. Ina shekara sha tara ciwo ya kwantar da ita, ciwon da aka yi ta kai da kawowa a kansa ba a gane ba, ga fita asibiti a lokacin sai an yi shahada. Ni na yi jinyarta, don ni ce babba. Ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka, nake ba ta koko a baki. Hannunta da bai taɓa bayana ba, dole ya riƙe wuyana in zan tayar da ita. Ba zan ɓoye ba, duk da rufewar da na ce na yi, jira nake. Na ji ana cewa mai barin duniya yakan saki abin da ya riƙe. In ta buɗe ido ta dube ni sai in matso da kunnena. Wata rana da la'asar ta daɗe tana kallona, leɓenta yana motsi. Na sunkuya. Ta ce, "Ke, sauke tukunyar can, za ta ƙone." Na je na sauke. Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan, washegari ta cika.

A zaman makoki ni aka sa kusa da Goggo, mata suna shigowa suna yi mana gaisuwa. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi a bakin Koudoukou. Musulma ce amma ba Bahausa ba, 'yar bakin kogi ce, Sango kawai take ji, takan aiko a saro mata man gyaɗa a wurin Inna. Ta yi addu'a, ta tambayi wace ce babbar 'yar marigayiya. Aka nuna ni. Ta ce ya sunana, na faɗa. Sai matar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Mo la?" wato ke ce? Ta ce, "Ke ce wadda uwarki ta tayar mana da titi a kanki?"

Na ga Goggo ta miƙa hannu za ta taɓa gwiwarta, sauran matan Hausawa suka sunkuyar da kai. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san akwai abin da ake rufewa ba, ta ci gaba. Ta ce ranar harbin nan kowa ya shige shago ya ja ƙofa, ita tana kwance ƙarƙashin teburin kifinta, sai ga mace ta fito tsakiyar titi ba mayafi ba takalmi. Tana tafiya tana ƙwala suna ɗaya. Ta je har ƙarshen titi inda aka tare hanya, samarin unguwa suka dawo da ita, ta kuɓuce ta koma. Ta leƙa kowane lungu, ta buga kowace ƙofa, tana kiran sunan nan, harsashi yana wucewa ba ta ko sunkuyawa. Ta taka fasasshiyar kwalba ba ta tsaya ba. Tun azahar take kira har rana ta faɗi, har muryar ta ƙare, bakin yana buɗewa ba abin da ke fita, sannan mata suka kamo ta suka kawo gida. Ta ce, "Babu wanda yake Koudoukou ranar da bai haddace sunanki ba. Ni har mafarkinsa na yi."

Na juya na kalli Goggo. Tana kuka. Na ce, "Goggo, kin sani?" Ta ce, "Da ni aka kamo ta." Na ce, "Shekara nawa ina zuwa gidanki?" Ta ce, "Ya za mu yi? Da ta farfaɗo ta ga abin da ta aikata a gaban maza, ta yi wata ba ta iya haɗa ido da kowa. Ba ta ce mu ɓoye ba. Amma wa zai tayar mata da wannan magana? Mu mun san kunya." Baba ma ashe ya ji, ya yi shiru. Ƙannena an kulle su a ɗakin maƙwabta ranar, su kaɗai ne ba su sani ba, sai ni.

Mutane suna so in ce daga nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na ji haushin Goggo, na ji haushin matan layinmu da suka zuba mini ido shekara da shekaru ina wuce uwata kamar baƙuwa, kalma ɗaya ta isa amma suka zaɓi su rufa mata asiri a kan abin da ba abin kunya ba ne a wurina. Na ji haushin Inna kanta, Allah ya jiƙanta, da ta iya tsayawa gaban bindiga amma ta kasa tsayawa gaban yarinya 'yar shekara sha biyar a tsakar gidanta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tashe ta mu yi faɗan da ba mu yi ba. Sannan in tuna ƙafar nan da aka ɗaure da tsumma, wadda na wanke da hannuna lokacin jinya, na ga tabon a tafinta ban tambaya ba, sai faɗan ya mutu a bakina.

Da dattijuwar ta tashi tafiya na bi ta har zaure. Na riƙe mata hannu na ce, "Mama, don Allah, yaya take faɗarsa?" Ba ta gane ba. Na ce sunan, yaya ya fito daga bakinta, a ina take ja, a ina take saukewa. Matar ta yi ɗan tunani, ta gyara murya, ta faɗa a hankali don kada masu makoki su ji. Da harshen Sango ya fito, harafin farko ya faɗi, ƙarshen ya ɗaga sama, irin yadda kowa a Bangui yake faɗa. Na ce ta sake. Ta sake, daidai da na farko. Ta ce, "Ita dai ba haka take faɗa ba, nata ya fi tsawo, irin naku na Hausa. Bakina ba zai iya ba."

Na koma ciki na zauna kusa da Goggo. Ita Bahausa ce, tana wurin, ta ji da kunnenta, bakinta kuma zai iya. Na ce, "Goggo, ke faɗa mini yadda ta kira." Ta dube ni da jajayen idanu ta girgiza kai. Ta ce, "Haba ɗiyata. Sunan uwata ne fa."